Ma'aji Jatau da Dukiyar da Ba a Ƙirgawa

An yi wani sarki a Birnin Maraki ana kiransa Ukashatu, mutum ne mai fara'a da taushin zuciya, wanda bai taɓa nufin zaluntar kowa ba, amma Allah ya jarrabe shi da wata cuta da ta fi zaluncin wasu sarakunan ɓarna. Idonsa ba ya ganin abu ya bar shi, kunnensa kuma ba ya jin yabo ya yi haƙuri. In fatake suka sauka da sirdi mai ado, ko turare, ko takobi mai kube na azurfa, tun ba su gama kwance kaya ba zai ce, "A biya su." In maroƙi ya wasa shi ya ambaci kakanninsa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "A ba shi," ya ci gaba da hirarsa.

To, a wannan fada akwai wata al'ada da aka gada, wadda duk mai hankali ya ji ta sai ransa ya ɓaci. Wai sarki ba ya tambayar farashi, kuma abin da ya fita da umarnin bakinsa ba a ƙirga shi, ba a ambata masa adadinsa, domin a ganinsu ƙirga kyautar sarki rowa ce da ƙasƙanci. Ku duba wannan wauta! Harajin talaka ana ƙirga shi wuri bayan wuri har sai an cika, amma ranar fitarsa kowa ya kawar da kai don ladabi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne nadamar sarkin. Da gari ya waye sai ya leƙa ɗakin ajiya, ya ga sirada jibge waɗanda bai taɓa hawa ba, da alkyabbu da asu ya fara ci, sai zuciyarsa ta karye. Ya ƙi karin kumallo, ya yi ta kiran kansa almubazzari, sa'an nan ya ce a yanka shanu, a raba hatsi da tufafi don ya yi kaffara. Ta haka kowane ciniki yake cin baitulmali sau biyu, farko don sha'awa, na biyu don nadama, shi kuwa ya koma fada da zuciya wasai yana jiran fataken gobe.

Ana nan wata damina ruwa ya rushe ganuwar birni ta gefen gabas, aka kira magina, sarki ya ce a ba su abin fara aiki. Ma'aji Jatau, dattijon da ya riƙe baitulmali tun zamanin mahaifin sarki, ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, babu abin da ya rage." Kunya ta rufe sarki a gaban jama'a, nan take kuma ta rikiɗe ta zama fushi. Fadawan da suka yi ƙiba da kyautarsa su ne suka fara cewa ai dama sun daɗe suna zargin tsohon. Kafin a tashi daga fada an tuɓe wa Jatau rawani a bainar jama'a, dogarai suka tasa shi gaba zuwa gidan yari.

Sarki ya kira Alƙali Malam Sambo ya ce, "Malam, na danƙa maka wannan shari'a. Ka nemo mini inda dukiyar Musulmi ta shiga. In ba ka samo wani ɓarawo ba, to Ma'aji ne, a ƙwace gidansa, a fitar da shi daga ƙasata."

Malam Sambo mutum ne mai kaifin basira da saurin fushi, ya kuwa san halin kansa, shi ya sa yakan daɗe yana shafa gemu kafin ya buɗe baki. Ya tafi gidan yari ya tarar da Jatau zaune a kan tsumman tabarma, kansa ba ko hula, furfura a waje. Ya ce, "Ma'aji, gaya mini tsakaninka da Allah, ina dukiya?"

Jatau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kai ma ka san inda take, duk birnin nan an sani. Amma da wane baki zan faɗa? Sau ɗaya na yi kuskure na ambata masa kuɗin wani doki, ya ce ashe tsufa rowa take kawowa, fadawa suka yi mini dariya. Ni ba gidan da za a ƙwace nake ji ba, Malam, na kusa komawa gidana na gaskiya. Jikokina nake ji, da za su tashi ana nuna su ana cewa ga jikokin ɓarawo."

Alƙali ya fito zuciyarsa na tafasa. Ya san gaskiya, amma shari'a ba ta tsayuwa sai da hujja, ga shi al'ada ta share hujjar tun kafin a neme ta. In kuwa ya tsaya a fada ya ce sarki ne ya cinye, fadawa za su ce ya yi wa sarauta rashin kunya, a haɗa shi da Jatau a kora. Ya yi ta juya abin a ransa har ya ji labarin cewa jangalin bana ya iso, jakuna na sauke shi a ƙofar fada.

Ya shiga ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ɓarawon da ya saba da dukiya yakan bi ta duk inda aka kai ta. Ina roƙon kada a kai jangalin nan baitulmali. A shimfiɗa tabarmi a nan zauren, a jibge shi a gaban idonka, dogaranka su yi tsaro. Sharaɗina ɗaya ne: duk abin da zai fita, kai za ka ɗauka da hannunka ka miƙa, kada a ce wani ya taɓa." Sarki ya ji daɗin dabarar, ya ce ya yarda, har yana ɗokin ganin fuskar macucin.

Aka tara buhunan wuri har tsibin ya kusa kai kafaɗar mutum. Ba a jima ba wani farke ya shigo da dardumar gabas, sarki ya ce, "A biya shi." Ba wanda ya motsa. Alƙali ya ce, "Sharaɗi, ranka ya daɗe." Sarki ya yi dariya ya sauko, ya tambayi nawa ne, abin da bai taɓa yi ba tun da aka naɗa shi, ya kinkimi buhu ya miƙa, aka ce saura, ya ƙara, aka ce saura. Ya koma kan karaga yana haki. Maroƙa suka zo suka tafi da nasu. Washegari nadama ta zo kamar yadda ta saba, ya ce a sayi shanun sadaka, ya sake saukowa ya yi dako. Malam Sambo yana gefe yana jan carbi, kowane buhu ya fita sai ya ji kamar daga cikin naman jikinsa aka yanka, amma ya danne zuciyarsa.

Kafin wata ya yi nisa tabarmi suka fara bayyana, tsibin ya koma ɗan abin da yaro zai tsallake. Wata safiya sarki ya tsaya a kansa ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Malam, wa ya shigo zauren nan?"

Alƙali ya ce, "Ba wanda ya shigo, Allah ya ba ka nasara. Ka tambayi dogaranka, ka kuma tambayi kafaɗunka."

Sarki ya zauna a ƙasa, ba a kan karaga ba, hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Inna lillahi! Ashe ni ne. Na ɗaure bawan Allah a kan laifina. Maza a saki Jatau, a kwashe duk abin da ya rage a nan a kai masa, a ƙara masa dawakai da sabon gida, a kuma yanka shanu a raba don Allah ya yafe mini!"

A nan haƙurin Malam Sambo ya ƙare. Ya miƙe tsaye ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka yi mini izini in faɗi abin da zai ɓata maka rai, in ka ga dama ka tuɓe nawa rawanin bayan na gama. Wannan da ka faɗa yanzu, ita ce cutar da kanta ta sake shiga rigar tuba. Ɗan abin da ya rage na ganuwa ne, mutanen gabas suna kwana birni a buɗe, kuraye na shigo musu har cikin garke. Kana saye don ka ji daɗi, kana sadaka don ka daina jin zafi, duka biyun kanka kake yi wa, talakawa ne suke biya. Wallahi nadamarka ta fi sha'awarka tsada! Jatau bai rasa doki ba, bai rasa gida ba. Sunansa aka ƙwace, a gaban jama'a aka ƙwace shi, kuma ba a sayensa da wuri ko an tara buhu dubu."

Dogarai suka tsaya suna kallon sarki suna jiran ya ɗaga ido. Fuskarsa ta haɗe, domin ba a taɓa yi masa magana haka ba. Amma sai ya ce a hankali, "To me zan ba shi, Malam?"

Alƙali ya ce, "Abin da ba zai ci baitulmali ko wuri ɗaya ba, amma zai ci girman kanka. A inda aka tuɓe shi, a nan za ka faɗi wanda ya cinye."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, jama'a suka cika ƙofar fada, aka fito da Jatau. Sarki ya sauko ya karɓi rawani ya naɗa masa da hannunsa, ya ce, "Ma'aji bai ci amana ba. Ni na ɓarnatar da dukiyarku, na kuma ɗora masa." Muryar ta fita ƙasa-ƙasa don nauyin maganar. Jatau ya ɗago kai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ɗan ɗaga murya. Jikokina suna can baya, ba su ji ba." Sarki ya maimaita da ƙarfi, har na bayan taro suka ji kowace kalma.

A wurin ya kashe tsohuwar al'ada. Ya yi umarni cewa daga ranar duk abin da ya ce a saya ko a bayar sai ya kwana, Ma'aji ya faɗa masa adadinsa a fili, in har yana so bayan ya ji, sa'an nan a fitar. Ya kuma ce a sayar da siradan da ke jibge a biya magina. Sai ya juya ga Malam Sambo ya ce, "Malam, jiya na yi niyyar cika maka gida da dawakai, amma na bar niyyar ta kwana. Ma'aji, me baitulmali zai iya ɗauka?"

Jatau ya gyara sabon rawaninsa ya ce, "Alkyabba ɗaya, ranka ya daɗe, daga cikin waɗanda asu bai kai gare su ba."

Jama'a suka yi dariya, sarki ya yafa wa Alƙali alkyabbar, ya kuma naɗa shi Waziri, tare da iznin ya tsayar da maganar sarki a duk ranar da ya ga hannunsa ya riga hankalinsa. Malam Sambo ya karɓa ya yi godiya, kuma masu ba da labari sun ce a rayuwarsa bai sa tufar da ya fi alfahari da ita kamar wannan ba.

Ku sani, ya ku masu hankali, shugaban da ya ƙi ƙirga abin da hannunsa ya fitar, wata rana sai ya ƙirga shi a wuyan marar laifi, kuma adalci ba ya cika da yawan kyautar mai nadama, sai an mayar wa wanda aka zalunta ainihin abin da aka ƙwace masa.