Tubalin da Ya Tona Asirin Kafinta

Akwai wani kafinta, gwani ne na gaske, gadon da ya haɗa sai jikoki su gaje shi. Aibinsa ɗaya: ba ya bari a kai ƙarshen magana. Ko kwatancen hanya ake yi masa, kafin a ce "sai ka karya kwana" ya yi gaba.

Ƙanwarsa, wadda aikinta gina shafukan intanet, ta haɗa masa na shagonsa, saboda wani mai otal zai duba kayansa kafin ya ba shi aikin gadaje arba'in. Kafinta bai taɓa samun aiki irin wannan ba, har a mafarki yana aunawa.

Ta ajiye kwamfutar a kan bencin aikinsa, ta share garin katako, ta ce, "Yaya, shafin nan da tubala aka gina shi. Wannan na hoto, wannan na rubutu. Kowanne ka ja shi ka ajiye inda kake so. Amma wannan mai shuɗin baki na tarayya ne, idan ka taɓa shi a wuri ɗaya..."

"Ke, ni da nake harhaɗa katako shekara ashirin za ki koya wa jera tubali? Jeki abinki."

Ta buɗe masa wani ɓoyayyen shafi don ya riƙa gwaji, ta tafi tana girgiza kai.

Gogan naku ya zauna koyon rubutu da yatsa ɗaya. A cikin duk tubalan, mai shuɗin bakin nan ne ya burge shi. Tunda ba mai ganin shafin gwaji, sai ya rubuta abin da ke ransa a cikin tubalin: "A ƙara wa gadon mai otal ƙafa biyu, tumbinsa kaɗai sai mutum uku sun ɗauka." Ya danna ajiyewa, ya yi ta dariya shi kaɗai. Bai san tubalin yana zaune a ƙasan kowane shafi ba, daga na kujeru har na gadon jarirai, nan take rubutun ya fito a dukkansu.

Washegari da hantsi mai otal ya shigo, wayarsa a hannu. Kafinta ya taso da rawar jiki yana goge masa kujera.

"Bar ta, kada ta karye," in ji mai otal. Ya karanto rubutun da ƙarfi, a hankali, a gaban ma'aikata da masu ciniki.

Kafinta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Ranka ya daɗe, ai... wani mai otal ne daban."

"Madalla. To shi sai ya ba ka aikin gadaje arba'in ɗin." Ya juya ya fita, ko waiwaye bai yi ba.

Darasin da ke nan shi ne, idan wanda ya san abu yana yi maka bayani, ka yi haƙuri ya kai ƙarshe, ko da ƙaninka ne, domin sau da yawa gargaɗin a ƙarshe yake. Kuma abin da za ka ji kunyar a karanta a gabanka, kada ka rubuta shi ko a ɓoye.