Tambayar da Waziri Hashimu Ya Juya

An yi wani sarki a birnin Rimin Gata wanda Sarkin Kasuwarsa ya rasu ana gab da kaka, lokacin da fatake ke shigowa, awo ke yawa, husuma kuma ta fi awon yawa. Cikin masu neman rawanin mutum biyu suka rage, Sallau mai goro da Ilu mai fata. Sarki ya sa aka kawo su fada, ya ce kowa ya faɗi da bakinsa dalilin da ya sa ya cancanta.

Sallau ya gyara zama, ya jero kasuwannin da ya ci da rigingimun da ya kashe, da fasahar da ta sa fadawa suka riƙa gyaɗa kai. Da aka zo kan Ilu, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da aka sa ni zan yi iyakar ƙoƙarina." Aka jira ƙari, ba ƙari.

Waziri Hashimu, wanda ya tsufa yana nazarin mutane a wannan zauren, ya ga zuciyar sarki ta riga ta karkata ga Sallau. Ya kuma san ba cancanta aka auna ba, an auna wanda ya fi iya yabon kansa ne, a garin da tun yaro na ƙarami ake hora shi da cewa yabon kai jahilci ne. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mun umarci ɗan mutunci ya aikata abin da iyayensa suka hana shi, ga shi kuma muna shirin hukunta shi don ya ƙi."

Sarki ya ɓata rai. "Ashe tambayata ce ba ta da kai, Waziri? To, ga su nan, na ba ka tambaya ɗaya. In ta nuna mini abin da tawa ta ɓoye, madalla. In ba haka ba, daga yau ba ka da baki a naɗin kowa a ƙasar nan."

Waziri ya sake yin gaisuwa. Ya dubi mutanen biyu ya ce, "Kowa ya bar zancen kansa, ya gaya wa sarki wane ne abokin takararsa."

Nan take harshen Ilu ya sake. "Sallau ba ya cin amana, kuma ba a yi mai karɓar baƙo irinsa ba. Na ga masu gishiri sun sauka da fushi, suka bar rumfarsa suna dariya. Sai dai yana da gaggawa: mai ƙara bai rufe baki ba, ya riga ya yanke hukunci. Masu kayan miya na bayan mahauta kuwa shakkarsa suke ji, don bai taɓa tsayawa wurinsu ba."

"Kai, Ilu!" in ji Sallau. "Ashe bakin nan ba na cin tuwo ba ne kaɗai?"

Fada ta yi dariya, ban da Waziri, domin ya san in Sallau ya ga dama, da kalma biyu masu zaƙi zai binne Ilu, shi Waziri ma ya bi shi. Sallau ya murza bakin rigarsa. Can ya nisa ya ce, "Ranka ya daɗe, na so in ce ban san shi ba, amma kasuwa za ta ƙaryata ni. Duk rikicin da ya fi ƙarfina rumfar Ilu nake tura shi, mutane su fito a shirye, ni kuma a yaba mini. Aibinsa ɗaya: in ka haɗa shi da baƙo, baƙon zai yi gyangyaɗi."

Sarki ya dube su. Sa'an nan ya naɗa Ilu Sarkin Kasuwa, ya ba Sallau zangon fatake, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri da hannunsa, ya ce, "Ku shaida, mai son adalci, kafin ya auna amsa, sai ya fara auna tambayarsa."