Kurege da Ɗakin Kyauta a Birni

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku gyara zama, wanda ya katse ni yau da awaki zai kwana.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun yi tsit.

Wai Kurege ne, wata shekara damina ta yi kyau, ya cika ramukansa uku da gyaɗar mutane. Ciki ya cika, sai ƙafa ta fara ƙaiƙayi. Ya ce shi ya gaji da kallon gona da bishiyar kuka, birni za shi ya ga abin da ake ce wa nishaɗi. Yana da taubashi a can, Gafiya, mai zama ƙarƙashin wani kantin shinkafa. Uwar Kurege da uban Gafiya ciki ɗaya suka fito, don haka ba sa haɗuwa sai da tsiya.

Ya laɓe cikin motar albasa. Tafiya, tafiya, sai birni.

Gafiya na ganinsa ya ce, "A'a, bawana ne da tsakar rana? Wa ya kwance ka?"

Kurege ya ce, "Kai ne bawa, mai wutsiya kamar igiyar guga. Tashi ka kai ni inda mutanen birni ke jin daɗi. Ban da kasuwa, ban da gidan biki, waɗannan muna da su. Abin da ido bai taɓa gani ba nake so."

Gafiya ya ce, "To, riƙe wutsiyarka, kada mota ta take ta."

Suka bi lambatu, suka ɓullo gaban wani gida mai bangon gilashi. Kurege ya leƙa, sai ya yi tsalle ya ɓuya bayan Gafiya. Ƙarti ne a ciki, majiya ƙarfi, suna sheƙa gudu a kan wani inji, gumi na zuba, ba wanda ya gusa daga inda yake. Wasu suna ɗaga ƙarfe sama, su dire, su sake ɗagawa.

"Me ya biyo su?"

"Ba abin da ya biyo su."

"To ƙarfen nan ina za a kai shi?"

"Nan zai kwana."

"Nawa ake biyansu a wuni?"

Gafiya ya kwashe da dariya. "Su ke biya, baƙauye. Nishaɗi ne."

Kurege ya ce, "Innalillahi! Su ke biya?"

Ku ji fa. Gumin da in a gona aka zubar da shi zai cika rumbu biyu, ga shi ana goge shi da tawul.

Suka wuce. Sai ga wani lilo na ƙarfe, tsayinsa ya fi rimi. A ɗaure mutane a kujera, a wulwula su sama, a juya su ƙasa, suna ihu suna kiran iyayensu. A sauke su, wannan ya dafe bango ya amayar da tuwon da ya ci, ya wanke baki, ya koma ƙarshen layi.

"Laifin me suka yi aka yanke musu wannan?"

"Su ke biya, baƙauye. Nishaɗi ne."

"Innalillahi! Su ke biya?"

Gaba kaɗan kuma suka tarar da wani ƙaton kududdufi na siminti, ruwa garau, wanda zai shayar da shanun gari guda har kaka. Manya da gemunsu suna kwance a ciki, ba soso, ba sabulu. Nan Kurege bai ma tambaya ba, bakinsa kawai ya riƙe.

Daga nan Gafiya ya kai shi gidan namun daji. Wurin nan ne Kurege ya daina salati. Ya ga Biri a kishingiɗe cikin keji, bai noma ba, bai sata ba, mutane na rububin jefa masa gyaɗa. Soyayya, dafaffiya, har mai gishiri. Yawun Kurege ya tsinke.

Kusa da nan akwai wani keji babu kowa, mai faɗi kamar ɗakin soro, an share shi tas. Mai kula da wurin, wani tsoho Baba Ɗanlami, na zaune a gefe yana cin goro.

Kurege ya matsa. "Baba, barka da aiki. Ɗakin nan na haya ne?"

Baba Ɗanlami ya dube shi sama da ƙasa. Ya ɗaga shi a tafin hannu kamar mai tayin kaza, ya ce, "Kyauta ne. Ka ɗan rame, amma za ka yi."

Gafiya ya ja shi gefe. "Kai, bawa, shekarata tara a garin nan, ko ruwan alwala ban ga an ba da kyauta ba."

Kurege ya baje masa farata. "Ka ga waɗannan? Da su na fita daga rumbun sarkin noma, da su na fita daga tarkon maharbi. In na tara abin da ya ishe ni, in haƙa rami in yi gaba. Ba a gina ɗakin da zai riƙe Kurege ba."

Ya shige. Baba Ɗanlami ya datse ƙofa, ya rataye makulli a ƙusa. Gafiya ya girgiza kai ya koma lambatunsa.

Aka fara jifa. Kurege ya yi rawa, a jefo. Ya wuntsila, a jefo. Ya ci ɗaya ya tara goma, har ya yi tsibi a lungu. A jikin bangon kejin kuwa akwai wata 'yar ƙofar katako mai sakata. Da yamma sai ya ji murya daga bayanta, mai sanyi, mai laushi.

"Salamu alaikum, maƙwabci. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya."

"Kana dai cin abinci ko?"

"Ina ci, Hajiya."

"Madalla. Ka riƙa ci da kyau."

Kashegari haka. Wanshekare haka. Kurege ya ce a ransa, ashe sharri ake wa mutanen birni, ga maƙwabciya ta gari, ko a ƙauye ba a samun irinta. Ran kwana na biyar ya ce bari dai ya rama gaisuwa yadda ya kamata.

"Hajiya, kullum ke ce da ɗawainiya. Ban ko san sunanki ba."

"Mesa."

Gyaɗar da ke bakin Kurege ta faɗo.

"Me... Mesa wacce?"

"Mesa dai. Kai ka fi Zomo ladabi, Allah ya jiƙansa. Shi bai taɓa tambaya ba. Agwagwa ma haka, Allah ya jiƙanta."

"Hajiya, su ma nan suka zauna?"

"Mako ɗaiɗai. Ran Laraba da hantsi Ɗanlami kan zare sakatar nan ya tafi shan shayi, shi ba ya son gani. Ni kuma in rana ta dumama min jiki sai in leƙo mu gaisa. Yau Talata ko? Ka ci da kyau, maƙwabci."

Kurege ya ce Allah ya kai mu. Ya ruga lungu, ya tofa yawu a hannu, ya kafa farata a ƙasa. Ƙarrr! Ya koma wani lungu. Ƙarrr! Ya koma tsakiya. Ƙarrr! Siminti ne, 'ya'yan nan, siminti tun daga bango har bango. Shi da ya tashi a jigawa, bai taɓa sanin ana yi wa ƙasa murfi ba. Ya yi ta karta har faratan suka gutsure, ko ƙura bai tayar ba.

Laraba ta yi. Baba Ɗanlami ya zo, ya zare sakata, ya ce, "Ka yafe ni, ɗan nan," ya tafi shan shayinsa. Rana ta fara hawa. Kurege na kallon haskenta yana rarrafawa a bango, yana nufar ɗakin Mesa, taku ɗaya, taku ɗaya.

Ana haka sai ga wani attajiri, Alhaji Gwadabe, da babbar riga, direbansa na biye da shi riƙe da laima. Duk birnin an san shi da abu ɗaya: ba abin da ke burge shi. Ya hau lilo, ya shiga ruwa, ya hau jirgin sama har ya gaji. Ya dubi Zaki, ya yi hamma. Ya dubi Biri, ya yi tsaki.

Kurege ya dube shi, ya dubi rana. Sai ya faɗi ƙasa ya kama birgima yana dariya, har da riƙe ciki.

Alhaji ya tsaya. "Kai, ɗan tsurut, ni kake wa dariya?"

"Tuba nake, ranka ya daɗe. Daɗi ne ya yi min yawa."

"Daɗin me a cikin keji?"

"Kallo, ranka ya daɗe. Ku kuna biya ku kalli dabba ɗaiɗai, ita ma barci take. Ni nan ina kishingiɗe mutum dubu ke wucewa ta gabana. Mai tumbi, mai sanƙo, mai murguɗa min baki, malamin da ke yi min gwalo in ya ga ba mai ganinsa. Kallon mutane daga ciki ai shi ne kallo. Amma ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa yi a garin nan."

Alhaji ya matso. "Ba wanda ya taɓa yi?"

"Ko ɗaya."

"Ko Alhaji Barau mai gidajen mai?"

"Ya zo jiya ya roƙa, na hana."

Idon Alhaji ya yi haske. "Fito in shiga."

"Haba, ranka ya daɗe, ɗakina ne fa. Da ƙyar na samu."

"Na ce ka fito! Direba, ɗauko makullin can."

Kurege ya saci kallon bango. Rana ta kai bakin katako. Can ciki ya ji wani abu na jan jiki, suuu, suuu. Direba na ta laluben kwaɗo, ya sa makulli a juye, ya cire, ya hura, ya sake sawa. Kurege ya ce a ransa, wannan bawan Allah shi zai kashe ni.

Ƙofa ta buɗe. Kurege ya yi wuf ya fito. Alhaji ya tattare riga, ya sunkuya ya shiga, ya harɗe a tsakiya, ya ce a kulle.

Da Kurege mai hankali ne da ya gudu. Amma ya tuna tsibin gyaɗarsa. Ya dawo ya kama ƙarfen keji.

"Ranka ya daɗe, 'yar gyaɗata da ke lungu, a miƙo min."

Alhaji ya damƙi hannu guda ya watsa a baki. "Gyaɗa ta mai ɗaki ce. Tafi ka ba ni wuri, kana tare min mutane."

Bai rufe baki ba katako ya yi ƙiiii. Kai ya leƙo. Wuya ya biyo. Jiki ya yi ta shigowa, ya yi ta shigowa, ya ƙi ƙarewa. Mesa ta ɗaga kai ta dubi Alhaji tun daga hula har takalmi.

Ta ce, "Kai, Ɗanlami ya yi ƙoƙari wannan makon."

Ihun da Alhaji ya yi, sai da Zaki ya farka. Mutumin da ko matakalar masallaci sai an riƙe shi, ga shi ya ɗare ƙarfe ya manne a rufin keji kamar jemage. Mesa ta kama gefen babbar riga ta fara haɗiya. Alhaji ya zame daga ciki ya bar mata. Direba ya yar da laima ya yi ta kansa da makulli a hannu. Baba Ɗanlami ya rugo, shayi na zuba, ya fasa kwaɗo da guduma, ya jawo Alhaji ta ƙafa, daga shi sai 'yar shara da wando.

Jama'a suka taru. Kurege na laɓe kan katanga. Alhaji na kwance yana haki. Da ya samu numfashi ya ce, "Ina Kuregen nan?"

Kurege ya ce shi ke nan, yau fatarsa za ta zama jakar taba.

Alhaji ya tashi zaune, ya dafe ƙirji. "Shekara ashirin zuciyata ba ta buga haka ba. Wallahi na ji daɗi! Ɗanlami, Laraba mai zuwa ni ne na farko, kada ka ba Barau."

Wani ya ce shi ne na biyu. Wata mai gwaggwaro ta ce ƙarya ne, ta riga shi. Kafin ka ce kwabo layi ya kai bakin titi, ana ture-ture, ana zagin iyaye, kowa na so a kulle shi da Mesa.

Alhaji ya ce, "A nemo min Kuregen nan! A ba shi ɗaki, ya zauna yana ƙirƙiro min irin wannan kullum."

Kurege ya ji an ce ɗaki. Ya dubi layin, ya ce mutanen da ke faɗa don a haɗiye su, ran da dabara ta ƙare masa, me za su yi da shi don nishaɗi? Ya diro. Ko sallama bai yi wa Gafiya ba. Gudu, gudu, ya bi kwalta har inda ta ƙare. Yana jin yashi a ƙafarsa ya kama haƙa da guntayen faratansa, yana kuka yana haƙa, har ya nutse. Ya fita da ransa, ko ƙwayar gyaɗa ɗaya bai fita da ita ba.

Shi ya sa har yau in kuka hangi Kurege a bakin hanya, za ku ga ya miƙe tsaye da ƙafa biyu, hannuwa a ƙirji, ido a zazzare. Motar birni yake dubawa, ko 'yan aiken Alhaji ne.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. In akwai ƙarya a ciki, Mesa ce ta gaya min. Ku dai ku riƙe wannan: maƙwabcin da kullum ke tambayar ko kun ci kun ƙoshi, kafin ku gode masa, ku leƙa ku ga faɗin bakinsa.