Butar Kawu a Ɗakin Iya Tabawa

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don in na faɗa wasunku za su ce da su nake. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Ɗalibi ne, sunansa Tasi'u, yana karatu a wata babbar makaranta a bakin gari. A gidan kawunsa Alhaji Ɗan'azumi yake zaune, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa.

Unguwarsu a kan tudu take, ta gangaro har ƙasa. Gidan Alhaji yana can sama. A ƙarshen gangaren kuwa, inda kwatocin unguwa suke haɗuwa su shige ƙarƙashin wata 'yar gada, akwai ɗakin ƙasa guda ɗaya na wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Iya Tabawa. Ba ɗa, ba jika, sai ɗakin nan.

To, mutanen unguwar suna da wata al'ada. Ku saurara, kada wani ya sunkuyar da kai, na san kun san ta. Ba a kai shara bola. Tara ta ake yi a bayan ƙofa ana jiran hadari. Da ruwa ya sauka kwata ta cika, sai ka ga gida-gida ana fitowa da gudu, wannan da kwando, wannan da buhu, wancan da tsohon bokiti, a juye a kwata. A karkaɗe kwando, a koma ciki ana cewa alhamdu lillahi, ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Ba wanda ya taɓa tambaya.

Wata damina shara ta toshe bakin gadar nan, ruwa ya rasa hanya, ya juyo ya shiga ɗakin Iya Tabawa har gwiwa. Da aka ɗauke ruwa Tasi'u ya gangara tare da masu taimako. Yana kwashe taɓo da ledoji daga ƙarƙashin gadonta, sai hannunsa ya ci karo da wata shuɗiyar buta mai fasasshen baki, an ɗaure hannunta da jar waya. Ya tsaya yana kallonta. Butar alwalar kawunsa ce. Shi ya ɗaure wayar da hannunsa lokacin da ta fara tsagewa, kuma shi ya wurga ta a kwata da ta gama aiki.

Iya ta ce, "Ɗan nan, jefar da ita mana. Ai kullum haka suke zuwar mini, takalma, butoci, har tsumman jarirai."

Ya ce, "Iya, wannan daga gidanmu take."

Ta ce, "To, ka gaida mutanen gidan."

Ba zagi, ba Allah ya isa. Wannan gaisuwar ce ta hana shi cin abinci ran nan. Kuma wani magini ya duba bangon ɗakin, ya nuna tsagar da ta taso daga tushe, ya ce in ruwa ya sake kwanciya a gindinsa, sai dai a kwashi ƙasa.

A makarantarsu akwai wata ƙungiyar ɗalibai masu cewa ba abin da ya cancanci a jefar. Ɓawon kayan miya da ragowar tuwo su tara su ruɓe su zama taki, a kai wa masu lambu. Robobi su kai wa masu niƙa su. Ledoji su wanke, wasu mata su saƙa jaka da tabarma da su. A da, Tasi'u dariya yake musu. Washegarin ranar da ya tsinci butar nan ya je ya ce a koya masa. Ya aro baro, ya samo buhuna, ya yashe bakin gada shi kaɗai. Daga nan, duk ranar da hadari ya haɗo, in yana aji ma sai ya nemi izini ya fito. Ana fara ruwa za ka gan shi a tsakiyar layi, ba lema, yana bin ƙofa-ƙofa yana cewa, "Ku ba ni, kada ku ba ruwa. Ku ba ni, kada ku ba ruwa."

Kun san halinmu. Aka sa masa suna ɗan bola. Masu zaman majalisa suka ce boko ya taɓa masa kai. Wasu matan suka riƙa miƙa masa kwandon don ya fi sauƙi, wasu kuwa sai sun ga ya matso sannan su juye a kwata da gangan, suna dariya. Ya shiga ruwan ya tsamo. Bai zagi kowa ba, kuma bai daina ba.

Magana ta kai kunnen Alhaji Ɗan'azumi. Ya kira shi zaure ya ce, "Na sa ka makaranta don ka zama mutum, ka dawo kana tsince-tsince a ƙofar mutanen da suke gaishe ni a durƙushe? Ko ka ajiye baron nan, ko ka bar mini gida."

Tasi'u ya durƙusa ya ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma. Duk abin da ka sa ni zan yi. Amma ɗakin Iya Tabawa zai faɗi, kuma da shararmu zai faɗi."

Alhaji ya ce, "Ruwa na Allah ne."

Ya ce, "Ruwa na Allah ne, Kawu. Sharar tamu ce."

Ku ji fa. Yaro ne mai ladabi, bai ɗaga murya ba, bai ɗaga ido ba. Amma ladabi daban, miƙa wuya ga ɓarna daban, kuma wannan yaron ya san bambancinsu fiye da masu furfura da yawa.

Ba a jima ba aka haɗo wani baƙin hadari bayan azahar, irin wanda kaji suke shigewa akurki tun kafin a kore su. Ruwa ya ɓarke. Alhaji ya ce yau zai nuna wa unguwa wanda yake da gida. Shi da kansa, da babbar rigarsa, ya ɗauko kwandon sharar gidan, abin da bai taɓa yi ba, ya fito ƙofa. Sai ya tarar da Tasi'u tsaye cikin kwatar ƙofar gida, ruwa yana dukan ƙwaurinsa, baro a gefensa.

"Matsa."

"Kawu, ka ba ni."

"Na ce ka matsa."

"Kawu, ba zan matsa ba. In sai an zuba, a zuba a kaina. Ni ina da ƙafar tsayawa, bangon Iya ba shi da ita."

Maƙwabta duk suna bakin ƙofofinsu, kowa da kwandonsa a hannu, an tsaya kallo. Zuciya ta ɗebi Alhaji, ya ɗaga kwandon ya juye masa a ka. Toka, ɓawon albasa, ruɓaɓɓen tumatir, ledoji, duk suka gangaro masa ta fuska har cikin riga. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin nan sai raina ya ɓaci.

Tasi'u ya share idonsa. Ya tare abin da ruwa ya fara ja da ƙafarsa, ya sunkuya yana tsincewa, leda a buhunta, ɓawo a buhunsa, kamar yadda aka koya masa. Da ya gama ya ɗauki kwandon ya ɗauraye, ya miƙa wa kawunsa da hannu biyu. Sannan ya tura baronsa zuwa ƙofa ta gaba ya ce, "Ku ba ni, kada ku ba ruwa."

Matar gidan ta dubi tokar da ke kansa, ta dubi kwata. Ta miƙa masa. Na gaba ma ya miƙa. Ran nan har ƙarshen layi ba wanda ya iya juye kwandonsa a ruwa, don kowa ya ga a kan wa sharar take sauka.

Kada ku ɗauka Alhaji ya rungume shi yana kuka. Bai yi ba. Da yamma aka fito wa Tasi'u da kayansa zaure, ya koma kwana ɗakin wani abokin karatunsa. Ya rasa gida, ya rasa tuwon gida, kuma bai ajiye baro ba.

Amma kafin ya tafi ya gangara ya duba gada. Ruwa yana wucewa ta ƙarƙashinta salin alin. Bango yana tsaye. Ya yi sallama, ya tarar da Iya Tabawa a kan gadonta, ƙasan ɗakin a bushe.

Ta ce, "Ɗan nan, rabon da in ji ruwan sama ina kwance har na manta. Kullum a tsaye nake jin sa, da katifa a kaina. Ashe daɗi gare shi."

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Ƙazantar da ka kawar daga gabanka ba ɓacewa ta yi ba, wurin wani ta tafi, kuma kusan kullum wurin wanda ya fi ka rauni. Ba tsafta ba ce ka wanke gaɓoɓinka ka zo sahun gaba, butar da ka yi alwala da ita tana ƙarƙashin gadon maƙwabciyarka. Za a tambaye ka haƙƙin maƙwabci, kuma maƙwabci ba na jikin katangarka kaɗai ba ne, har da wanda ruwan kwatarka yake isa ƙofarsa.

Waɗannan yaran namu 'yan makaranta da kuke gani da safar hannu da buhuna suna bin layi, ku daina kiran su 'yan bola. Bolar mu muka yi ta. Ku kuma yara, in an yi muku dariya ku tsaya, in an kore ku ku tsaya, ku tsaya da ladabi, amma kada ku matsa.

Ga hadari can yana haɗowa ta gabas, duk kun gan shi da kuka shigo. Kowannenmu ya san abin da ya tara a bayan ƙofarsa. Kafin ka ɗaga kwandon nan yau, ka tambayi kanka wa ke kwance a ƙarshen gangare. Allah ya sa mu gyara.