Katin da Dogo Ya Goge

Akwai wani mai ɗaukar fim da ake kira Dogo, shekararsa goma sha biyu yana riƙe da kyamara. Finafinan soyayyar da ya ɗauka sun fi ɗari, kuma wallahi in ka ga ɗaya ka ga duka: saurayi ya jingina da mota, budurwa ta yi fari da ido, sai waƙa.

Mahaifinsa mai gyaran agogo ne a wata 'yar rumfa a bakin titi. Tsohon yana da in'ina mai tsanani, har mutane kan gaji su ƙarasa masa magana. Amma da zarar ya maƙala gilashin gyara a ido ya buɗe cikin agogo, sai harshensa ya warware, ya yi ta zuba labarin ƙuruciyarsa tiryan-tiryan.

Dogo ya daɗe yana son yin fim a kan wannan abin mamaki. Wata rana ya yi ta maza, ya kafa kyamara a rumfar. Kwana uku yana ɗauka.

Ya kai wa furodusan da yake yi wa aiki, ya nuna masa a allon kyamarar. Mutumin bai kai minti biyu yana kallo ba ya kau da kai.

"Haba Dogo! Ba waƙa, ba kyakkyawar yarinya, sai tsoho da tarkacen agogo? So kake a mai da mahaifinka abin dariya a wayoyin mutane? Ka rufa wa kanka asiri."

Maganar ta shige shi. Ya zare katin kyamarar da fim ɗin ke ciki ya jefa a aljihun jaka, ko kwafe shi a kwamfuta bai yi ba.

Bayan wata biyu, ana tsakiyar ɗaukar wata waƙar rawa, katin kyamara ya cika. Darakta ya hau ihu.

"Rana za ta faɗi! Dogo, ba ka da wani katin ne?"

Akwai, guda ɗaya tak, na Baba. Dogo ya juya shi a hannu, ya ce a ransa, ai Baba yana nan, na sake ɗauka wani lokaci. Ya goge shi, aka ci gaba da rawa.

Baba bai jira wani lokacin ba. Zazzaɓin kwana huɗu, Allah Ya karɓi abinsa.

Da 'yan gaisuwa suka watse, mahaifiyar Dogo ta kira shi ɗaki. Agogon marigayin na hannunta.

"Ɗan nan, shekara arba'in ina zaune da mahaifinka, ban taɓa jin ya kai ƙarshen magana bai sarƙe ba. A gida ba ya taɓa agogo. Ya ce min a fim ɗinka ya yi magana tas, har da labarin ranar da ya fara ganina. Kunna min in ji."

Dogo ya ce zai kawo. Ya ɗauki katin ya zaga shagunan masu gyaran kwamfuta har biyar, kowa amsarsa ɗaya: an ɗora wani abu a kai, ba ya dawowa. Abin takaici, ita waƙar ma yanke ta aka yi wajen tace fim, ba wanda ya taɓa ganinta.

Ya dawo ya durƙusa a gabanta, ya ce:

"I-Inna... na goge."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta kara agogon a kunnenta kawai, ta ce, "Tashi ka je, kar ka makara wurin aiki."

Har yau Dogo yana ɗaukar saurayi a jingine da mota.

Darasi: Aikin da kowa zai iya yi, in ka bari wani zai yi shi. Amma labarin da kai kaɗai kake riƙe da shi, in tsoron dariyar mutane ya sa ka binne shi, ya tafi ke nan har abada. Ku tura wa duk wanda kuka san yana ɓoye da rubutu ko fim yana jiran wani lokaci.