Tsuntsun Ƙarfen Shaho

An yi wani Shaho da ke zaune da 'ya'yansa a kan wata tsohuwar kuka, ga shi da girman kai kamar shi ya dasa dajin. Can nesa a kan dutse akwai Mikiya, wadda ko gaisuwa ka yi mata sai ta zargi akwai wata a ƙasa. Kullum cikin rigima suke a kan wurin farauta.

A reshen ƙasa na kukar nan kuwa Kurciya ke kwanci a kan ƙwayayenta biyu. Ita ce mai haƙurinsu. Bisa al'adar dajin, ba a fita faɗa sai an aike ta da saƙo. To, da yake hanyar da nisa, kafin ta je ta dawo zuciya ta huce, kowa ya nemi abin da zai ci. Haka aka daɗe ana zaune.

Rannan Shaho ya samo wani tsuntsun ƙarfe a wurin mutane, irin wanda suke kira jirgi mara matuƙi. Ya ajiye shi a fili, ya kira Kurciya.

"Ke, zo ki ga abin da ya raba ki da aiki! Wannan yana riga ƙararsa isa. Wanda aka aika masa, ba ya ma jin zuwansa."

Kurciya ta ce, "Ranka ya daɗe, idan ya tashi kuma ka canza shawara fa?"

"Ni? Yaushe na taɓa canza shawara?"

Ba a jima ba Mikiya ta samo nata. Da yake ba ta yarda da kowa ba, sai ta saita shi yadda in aka taɓa dutsenta zai tashi da kansa, ko tana raye ko ba ta.

Daga nan barci ya ƙaurace wa dajin. Kowa ya san wanda ya riga saki shi ne da nasara.

Wata rana da yamma Shaho na tsaye kusa da ƙarfensa, sai ya ga haske ya gilma ta wajen dutse.

"Ta saki! Wallahi ta saki!"

Kurciya ta taso daga kan ƙwai a gigice. "Don Allah dakata in je in tambayo!"

"Ki tambayo? Da wannan tashin naki na tsofaffi? Kafin ki kai rabi na zama toka!"

"Yallaɓai, 'ya'yanka na sama, ƙwaina na ƙasa, itace ɗaya muke!"

Bai ko dube ta ba. Ya saki.

Sai ga tsawa ta biyo baya, yayyafi ya fara sauka. Ashe hadari ne, walƙiya ya gani.

Shaho ya ƙwala ihu. "Dawo! Kai, na ce ka dawo!" Ina, abin ba kunne gare shi ba.

Suna nan tsaye kukar ta kama da wuta tun daga sama har saiwa. Sai bayan ta faɗi suka ji ƙarar tsuntsun ƙarfen Mikiya da ya buge ta. Shaho ya kutsa cikin wutar neman 'ya'yansa, ya fito da fukafukai a ƙone. Bai sake tashi sama ba har ya mutu.

Kurciya, baiwar Allah, ba ta san wani aiki ba sai nata. Ta tashi tana kuka ta nufi dutse don ta ce kuskure ne. Da ta isa, babu dutse, babu Mikiya, babu wanda za ta ba saƙon. Abin tausayi, ba ta kuma da inda za ta koma.

Darasin wannan labari shi ne, jinkirin da ke tsakanin fushi da duka rahama ne. Wanda ya ƙera makamin da ya fi tunaninsa sauri, ba ya samun lokacin cewa "na yi kuskure", kuma da marasa laifi yake tafiya.