Daddawa a Hancin Akawal

Dalilin da ya sa ingarma ke tsayawa cak, ya miƙa wuya sama, ya naɗe leɓensa har haƙora su fito kamar wanda aka ba labarin ban dariya, ba halittarsa ba ce tun asali, yara. Koya ya yi, kuma a gaban jama'a ya koya. Ku matso ku ji.

A zamanin da dawakai ke magana da masu su, akwai wani gari, Rafin Gawo, inda ake nunin dawakai duk shekara bayan an gama girbi. Ba sukuwa ake yi ba, ba tsere ba. Kowa ya kawo dabbarsa fage ya riƙe ragama, dattawa su zagaya suna duba ƙirji da ƙafa da kofato, daga ƙarshe a buɗe baki a ga haƙora don a san shekaru. Abin da ake so ga doki a ranar guda ne: ya tsaya. A lokacin kuwa doki ba ya nuna haƙoransa, sai ƙarti sun riƙe kai, an ɓamɓare leɓe da ƙyar.

To, akwai wani mutum, Cindo, mai wani ingarma baƙi wul da ake kira Akawal. Uwar Akawal ta mutu yana ɗan duƙushi, da kunu Cindo da matarsa Tabawa suka raine shi, a ludayi. A gida ba ka da dabba mai ladabi kamarsa. Amma da ya shiga fage ya ji ƙamshin goɗiyoyi, shi ke nan an rasa shi. A nunin shekarar da ta wuce sai da ya yi haniniya har aka ji a ƙauyen gaba, ya tsinke ragama, ya kifar da ƙwaryar mai fura, ya kwantar da rumfar dattawa a kansu.

Baba Jatau, babban dattijon fage, ya fito daga ƙarƙashin zana yana kakkaɓe gemu, ya ce, “Cindo, ka san doka. Ingarman da ya tada fage sau biyu ba ya ƙara kwana a garin nan. In ya sake, fatake za ka ba, ya tafi dakon gishiri.”

Barin sa a gida ma ba zai yiwu ba, don duk ingarman garin dole ne a kawo shi. Tun daga ranar tuwo ya daina yi wa Cindo daɗi.

Da kaka ta matso sai ya shiga dabaru. Ya riƙa fita da Akawal kilisa da sassafe har ya jiƙe da gumi, ko gajiya za ta kwantar da shi. Ya aro goɗiyar maƙwabci ya ɗaure a bayan danga don gwaji. Akawal, da gajiyar tasa da komai, ya miƙe da ƙafafun baya ya tumɓuke turke. Cindo ya warware rawaninsa ya ɗaure masa ido. Akawal ya bi ta cikin dangar da rawanin a fuska, bai ko kuskure hanya ba.

Cindo ya zauna a kan turmi ya dafe kai. “Haba Akawal. Da hannuna na ba ka kunu. So kake in tsaya ina kallo a ɗora maka gishiri?”

Akawal ya sunkuyar da kai. “Maigida, wallahi ba da gangan nake yi ba. Ba idona ba ne, hancina ne. Da na ji ƙamshinsu, sai ƙafafuna su daina jin maganata.”

Tabawa na can gindin rumbu tana mulmula daddawa, sana'arta ke nan. Ta ce, “Malam, ba ka lura ba? Duk ranar da na buɗe kwandon nan, ɗan naka juya mini baya yake yi, ya sa kai a bango, ko motsi ba ya yi. In hanci ne matsalar, a ba hancin aiki mana.”

Akawal ya ja da baya. “Inna, me na yi miki?”

“Gishiri ko daddawa,” in ji Tabawa. “Zaɓi.”

Aka yi ta ja-in-ja, daga bisani Akawal ya yarda, amma da sharaɗi. Da an tashi daga fage a wanke masa da ruwan ɗumi, a ba shi dusa da kanwa har ya ƙoshi. Sannan babban sharaɗin: kada goɗiya ko ɗaya ta san abin da ke hancinsa. Cindo ya ce ya ji, ya ɗauka.

Ranar nuni Tabawa ta dama daddawar a ƙoƙo ta miƙa wa mijinta. “Kaɗan fa, Malam. Kamar ta miyar mutum ɗaya.”

Cindo ya shafa kaɗan a hancin Akawal. Ya ɗan yi gaba, ya tuna rumfar bara, ya ƙara. Da ya hango taron fage daga nesa, ya tuna fatake, sai ya kwashe abin da ke ƙoƙon duka ya lafta, abin da zai ishi miyar biki. A kan baƙin hanci ba a ganin komai. Ganin ne kawai ba a yi.

Suna shiga fage mutane suka fara ɗaga hanci. Ƙudaje suka biyo su, wani kare ya bi sahu yana lasar baki. Barau, wanda ke tsaye kusa da farin dokinsa, ya ce da ƙarfi, “Cindo, ina tuwon? Ka kawo miya ka baro tuwo a gida?”

Aka kwashe da dariya. Akawal ya ce ƙasa-ƙasa, “Maigida, ka ce ba wanda zai sani.”

“Yi haƙuri, ɗana. Tsaya dai.”

Ya kuwa tsaya. Goɗiyoyi na wucewa, shi ko kunne bai kaɗa ba. Cindo ya ji kamar ya yi rawa. Dattawa suka gama da dokin Barau, suka nufo su, Baba Jatau a gaba, ƙarti masu buɗe baki a bayansa.

Daidai lokacin aka jawo wata goɗiya mai launin madara, Gunya, mai geza har kafaɗa, aka tsayar da ita a layin da ke fuskantarsu. Ta juyo ta dubi Akawal. Cindo ya ji ragama ta fara rawa a hannunsa.

“Maigida,” in ji Akawal, “ga ta nan, amma ba na jin ta. Bari in matsa kaɗan.”

“Kada ka motsa, don girman Allah. Ga Baba nan.”

“Taku ɗaya kawai.”

“Akawal, gishiri!”

Ƙafar gaba ta ɗaga daga ƙasa. Cindo ya rufe ido, ya riga ya ga ayarin fatake na ɓacewa da ɗansa. Amma bai ji an fizge shi ba. Da ya buɗe ido sai ya ga ƙafar ta koma wurinta. Akawal ya miƙa wuya sama iyakar tsawonsa, ya turo baki, ya naɗe leɓen sama har ya toshe hancin da daddawarsa, ya ja iska ta baki. Ƙamshin Gunya ya samu hanya ta ƙarƙashi, ya shige. Don kada ya kuɓuce masa, sai ya daskare a haka, ko jela bai kaɗa ba, haƙora duk a waje, farare tas.

Jama'a suka zuba masa ido. Ba wanda ya taɓa ganin doki ya yi haka.

Baba Jatau ya ɗaga wa ƙartinsa hannu su dakata. Ya matso, ya leƙa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ba riƙo, ba kokawa. Sannan ya ja da baya yana toshe hanci da hannun riga.

“Tun ina da baƙin gemu nake wannan aiki,” ya ce, “ba dokin da ya taɓa buɗe mini baki da kansa. Na ɗaya dai ba zan ba shi ba, don ban san da wace fuska zan ɗaura wa miya tukuici ba. Amma ya tsaya. Ka koma da abinka gida, Cindo.”

Cindo ya rungume wuyan Akawal, daddawa ta shafe masa riga da hula, bai ko kula ba.

Suna shirin fita aka zo wucewa da Gunya. Akawal ya kau da kai don kunya. Ita kuwa ta ja burki a gabansa, ta ce yadda kowa zai ji, “Duk shekara sai dai a yi mana ihu, a watsa mana ƙasa. Yau ne na fara ganin ingarman da ya tsaya ya yi mini murmushi.”

Ai kuwa duk ingarman da ke fagen ya ji. Kafin a watse, farin dokin Barau na can yana gwada naɗe leɓe, na kusa da shi ma haka, har ƙartin Baba Jatau suka rasa aikin yi. Da 'ya'yan Akawal da Gunya suka taso, ba wanda ya koya musu, da abinsu suka zo.

Shi ya sa har yau, in ingarma ya ji ƙamshin goɗiya, za ku ga ya tsaya cak ya ɗaga kai ya yage leɓe. In kun gani kada ku yi masa dariya da yawa, yara. Iyakar ladabinsa ke nan yake nunawa.